Ashe Bature Ma Ya Taɓa Yin Jibi

To masu Turanci, bismillah, ku matso kusa. Ku nake nufi, ku da in an gaishe ku da Hausa sai kun amsa ta hanci. Tambaya ɗaya gare ni, kuma ba na son dogon Turanci: yaya ake cewa jibi a harshen naku? Kalma ɗaya tak nake so. Ga wani can ya gyara zaman tabarau zai ce min “the day after tomorrow”. Dakata, yallaɓai, ƙirga su tukuna. Huɗu ne cif. Suna na tambaye ka, kai kuma ka ɓige da kwatance, wai ranar da ke bayan gobe. Shekaranjiya fa? Wasu huɗun. Gata da citta kuwa kada ma mu je nan, don sai an ɗauko kalanda da fensir. Bahaushe yana kishingiɗe zai ɗaga wa mai binsa bashi rana har sau huɗu, gobe, jibi, gata, citta, kowace da kalma guda, bai ko gyara hula ba.

Sai dai ku masu kishin Hausa kada ku yi saurin rangaɗa guɗa, don Bature ya taɓa yin jibi, yarwa ya yi. Kalmar ita ce “overmorrow”, shekaranjiya kuma “ereyesterday”. Duka biyun suna cikin fassarar Baibul ta Miles Coverdale ta 1535, wadda ita ce cikakkiya ta farko da aka buga da Turanci. Coverdale ya jingina sosai da fassarorin Jamusanci, Jamusawa kuwa har yau suna riƙe da nasu, “übermorgen” da “vorgestern”, yaro da babba kowa na faɗa. A Ingila kalmomin ba su yi kasuwa ba ko a zamaninsu, suka yi kwantai har aka manta da su. 'Yan Najeriya da suka ga giɓin ba su tsaya neman izinin kowa ba, suka ƙera “next tomorrow”. Shekara da shekaru malaman Turanci na ja mata layi da jan biro a littattafan yara. A watan Janairun 2020 babban ƙamusin Oxford ya shigar da ita, tare da “Kannywood” da “okada” da “danfo”, cikin kalmomi 29 na Turancin Najeriya. Malam mai jan biro, yaran da ka zane a kanta fa, wa zai biya su?

Har lissafin kwanaki irin namu kakanninsu ke yi. Mu kwana muke ƙirgawa, mu ce kwana bakwai, kwana arba'in. Tacitus, marubucin Rum, ya lura tun wajen shekara ta 98 cewa ƙabilun Jamus da dare suke lissafi, daga cikinsu kuwa kakannin mutanen Ingila suka fito. Shi ya sa mako biyu ya zama “fortnight”, dare goma sha huɗu ne baki ya tauna ya dunƙule. Ƙaninsa “sennight”, dare bakwai, yana nan da ransa har zamanin marubuciya Jane Austen a farkon ƙarni na 19, sannan ya kwanta dama. Wan ya tsira a Ingila, amma faɗa wa yaron Amurka ka gani, sai ya ɗauka wasan kwamfuta kake nufi.

“Kai dai ka iya shirya ta. Wa ya taɓa jin wani overmorrow? A wace bola ka tono shi?”

Na san da zamanku, 'yan gani-ya-kori-ji, kuma ba ni zan rantse muku ba, don akwai waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu saboda irinku. A 1857 ƙungiyar masana harshe ta Landan ta ƙudura yin ƙamusin da ya zama na Oxford ɗin nan, wanda zai bi kowace kalma tun daga ranar da aka fara ganinta a rubuce, ya nuna inda ta sauya ma'ana da inda ta mutu. Aikin ya yi ta jan ƙafa har 1879, lokacin da aka danƙa shi ga James Murray, malamin makaranta ɗan Sukotlan wanda shi kansa ya bar aji yana ɗan shekara 14. Ya kafa rumfar kwano a gidansa, ya yi shela cewa duk mai karatu ya riƙa tsinto kalma, ya rubuta ta a guntuwar takarda tare da jimlar da ta fito a ciki da sunan littafi da shekara, ya aiko. Takardu suka yi ta kwarara har miliyoyi. An yi kirdadon shekara 10 za ta isa. Bayan shekara 5, a 1884, kashi na farko ya fito, ya taso daga A ya tsaya a kan “ant”, wato tururuwa. Murray ya rasu a 1915 ana cikin harafin T, ba a rufe aikin ba sai 1928, da kalmomi sama da 400,000. Cikin waɗanda suka fi aiko masa da takardu har da wani likitan sojan Amurka, William Chester Minor, wanda ya harbe mutum a Landan a 1872 cikin taɓin hankali, aka tsare shi a asibitin Broadmoor, daga ɗakinsa yake aikin. Na ji wani ya ce ai dama aikin mahaukata ne. Ban musa duka ba, Alhaji. Amma ni dai mahaukacin da ke kawo shafi da shekara ya fiye min mai hankalin da hujjarsa ba ta wuce “an ce” ba.

In kuna neman sandar dukana, ga ta nan na miƙa muku da hannuna, ƙamus ma yana tuntuɓe. A babban ƙamusin Webster na Amurka, bugun 1934, akwai kalma wai ita “dord”, an fassara ta da nauyin abu gwargwadon girmansa, kalmar masu kimiyya. Babu ita, ba a taɓa yin ta ba. Editan sashen kimiyyar haɗa sinadarai ne ya rubuta “D or d” a takarda, yana nufin babban D ko ƙarami duk suna tsayawa a madadin kalmar “density”, sai takardar ta faɗa cikin tarin kalmomi, aka haɗe haruffan, aka ba ta har da yadda ake furtawa. Ta yi zamanta lafiya sai a 1939 wani edita ya lura ba a rubuta mata asali ba, ya bi sawu, asiri ya tonu. Ku lura da abin da ya kama ta: rashin dangi. Waɗanda nake kawo muku kowace da uwa da uba.

Tunda an zo maganar dangi, bari in juyo kanku, iyayen zamani, ku da kuka koya wa 'ya'yanku kiran kowace mace anti, kowane namiji ankul, daga malamar makaranta har maƙwabci. A ganinku wayewa ce. To ku ji abin da kuka sayo. Shekara dubu da suka wuce yaron Ingila ba ya haɗa 'yan'uwan uwarsa da na ubansa. Ɗan'uwan uwa “eam” ne, kawu ke nan. Ɗan'uwan uba “faedera”, baffa. 'Yar'uwar uba “fathu”, gwaggo, 'yar'uwar uwa kuma “modrige”, inna. Kowa da sunansa, kowa da matsayinsa, kuma kawu a wurinsu babban mutum ne, shi ke tsaya wa ɗan 'yar'uwarsa. Sai 1066 ta zo, William na Nomandi ya haye teku daga Faransa, ya kashe Sarki Harold a yaƙin Hastings, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan gidaje. A hankali “uncle” da “aunt” suka kori huɗun nan. Su ma kuwa in ka bi su zuwa Latin, na farko daga “avunculus” yake, ɗan'uwan uwa kaɗai, ta biyu daga “amita”, 'yar'uwar uba kaɗai. Wato Bature ya ɗauki sunan kawu ya yafa wa baffa, ya ɗauki na gwaggo ya yafa wa inna, ya huta da tunani. “Eam” ya koma “eme” ya daɗe yana laɓe a bakin mutanen karkara kafin ya ɓace, ɗan'uwansa “oom” kuwa yana nan a Holan. Ke kuma Hajiya kin baro naki huɗu lafiyayyu kin rungumi biyun da aka yi wa kwaskwarima.

Ina hango ɗan'uwana na Damagaram, wanda ya yi lakwal, yana shafa gemu yana cewa ai dama ya sha faɗa mana Turanci Faransanci ne da aka furta ba daidai ba. Yi dariyarka, yau ranarka ce, har in ƙara maka. A 1362 majalisar Ingila ta yi doka cewa daga yanzu da Turanci za a riƙa shari'a, saboda talakawa ba sa gane abin da ake faɗa a kansu a kotu. Da wane harshe aka rubuta dokar? Da Faransanci. Can gefe kuma ga Bafulatani ya dogara da sanda yana murmushi bai ce komai ba, don ya san kawu da baffa da gwaggon da nake ta tinƙaho da su daga Fulatanci Hausa ta aro su. Laifi tudu ne. Jauro, a rufa asiri, da baƙi a wurin.

Babbar asarar Bature dai ba kawu ba ce, “kai” ne. Yau in ya ce “you”, ba ka san ko kai kaɗai yake nufi ko ku da ayarinku ba, balle a je ga kai da ke, wanda bai taɓa rabewa ba. A da yana da “thou” na mutum ɗaya, “ye” da “you” na jama'a. Da ɗabi'ar Faransawa ta shigo, sai aka fara ce wa babba “you” don girmamawa, yadda wasunmu ke ce wa suruki ko dattijo ku, “thou” ya zama na yara da barori da masoya da wanda aka raina. Kowa kuma na tsoron ya raina wanda bai kamata ba, sai aka yi ta raba “you” har ga wanda bai kai ba, “thou” ya zama zagi. A shari'ar Walter Raleigh ta 1603, babban lauyan gwamnati Edward Coke da gangan ya yi ta jifansa da “thou” don ya wulaƙanta shi, har ya faɗa masa baro-baro cewa da niyya yake yi. Mabiya George Fox, waɗanda ake kira Quakers, suka ce su ba za su ce wa mutum ɗaya ku ba ko sarki ne, tunda Allah ɗaya ya halicci kowa. Sun sha duka a kan haka. Fox da abokansa har littafi guda suka buga a 1660 don koya wa malamai bambancin tilo da jam'i. A banza, kafin ƙarnin ya ƙare “thou” ya fita daga Turancin birni, ya maƙale a karkarar Yorkshire da Lancashire inda har yau tsofaffi ke cewa “tha”.

Ga inda abin ya juye. Da yake Baibul na Sarki James na 1611 da wasannin Shakespeare cike suke da “thou”, sai na baya suka ɗauka kalmar alfarma ce, ta ibada da sarauta. Duk wanda ya taɓa buɗe fassarar Alƙur'ani ta Pickthall ta 1930 ko ta Yusuf Ali ta 1934 ya ci karo da ita, kuma a can ta yi amfani, don tana nuna inda Larabci ke magana da mutum ɗaya da inda yake magana da jama'a. Amma samarin da ke sa “thou” a saƙon waya don budurwa ta ce sun yi zurfin karatu, ku sani “ke” kawai kuka ce. Shi kuwa Bature tun da ya yar da tilo yake faman neman jam'i: a kudancin Amurka “y'all”, a Ailan da Libaful “yous”, a Turancin buroka na Najeriya “una”, wadda aka aro daga Ibo.

“To ko ma dai mene ne, harshen manya ne, harshen su Lord.”

Madalla da ka ambato shi, ranka ya daɗe. “Lord” a tsohon Turanci “hlaford” ne, daga “hlaf” burodi, da “weard” mai gadi. Mai gadin burodi. “Lady” kuma “hlaefdige” ce, mai kwaɓa ƙullun burodi. Yaran gidan da ke ci a ƙarƙashinsu suna da nasu sunan, “hlafaeta”, maciyin burodi, kuma yana cikin dokokin Sarki Ethelbert na Kent tun wajen shekara ta 600. Saboda haka Gwamna Lugga, da aka ba shi muƙamin Lord a 1928, mai gadin burodi aka naɗa shi, uwargidansa Flora Shaw, wadda ta kawo shawarar sunan Najeriya a jaridar Times a 1897, ita ce mai kwaɓi. Majalisar dattawan Ingila kuwa ku fassara da kanku. Ni ban ga abin kunya a nan ba, asali ma nan Turanci ya fi burge ni, don ya faɗi gaskiyar da kowane maigida ya sani: girma na mai ciyarwa ne, ranar da rumbu ya ƙare a ranar fada ke watsewa.

Sojoji da 'yan sanda ma kada su tafi. “Marshal”, ƙololuwar muƙamin soja, asalinsa kalmomin tsohon Jamusanci ne biyu, “marah” doki, da “scalc” bara, wato yaron doki. A Faransanci har yau mai yi wa doki takalmi “maréchal-ferrant” ake ce masa. “Constable” kuwa daga Latin “comes stabuli”, shugaban bargar sarki, kuma a Faransa shi ne babban kwamandan mayaƙan ƙasa har sai da aka soke sarautar a 1627. Yaron doki ya hau har ya taɓo sama, ubangidansa ya gangaro ya zama kwanstabul mai tsaron ƙofar caji ofis. Duk wanda ya san cewa Madawaki mai dawaki ne, Shamaki kuma mai kula da barga, ba zai yi mamaki ba, don duk inda doki ya zama makamin yaƙi, wanda ke riƙe da linzami ba ya daɗewa a ƙasa. Haka kalmomin yabo da zagi suka yi ta musayar wuri. “Nice” wajen shekara ta 1300 wawa take nufi, daga Latin “nescius”, jahili. “Silly” kuwa, da yanzu take sakarai, asalinta mai albarka, ta bi ta kan mara laifi, ta zama abin tausayi, ta ƙare a wawa. “Girl” a zamanin marubuci Chaucer yaro ne ko yarinya, duk ɗaya.

“Malam, duk mun ji. Wannan tone-tonen zai sa tukunya ta tafasa?”

Ba zai sa ba, Hajiya. Amma wa ya gaya miki don tukunya kaɗai ake magana? Ina kika bar gugar zana? Tsofaffin kalmomin nan babban amfaninsu shi ne ki yi wa mutum habaici a gabansa ya ce miki na gode. Mutanen Sukotlan da arewacin Ailan suna da “groak”, wato mutum ya zuba wa mai cin abinci ido shiru, yana haɗiyar yawu, yana jiran a ce bismillah. Ni Bazazzagi ne, don haka ba sai na faɗi mutanen garin da na fara tunawa ba, su ma sun san kansu. A ƙamusin Nathan Bailey na ƙarni na 18 akwai “fudgel”, mutum ya yi ta kai da kawo kamar mai aiki alhali ba abin da yake tsinanawa. Ki tuna da ita ranar da kika je karɓar takarda aka ce ki dawo, mai sa hannu yana miti. “Quockerwodger” ɗan tsanan katako ne da ake ja da zare ya yi ta wutsil-wutsil, kuma John Camden Hotten, wanda ya tattara zaurancen Landan a tsakiyar ƙarni na 19, ya nuna ana kiran ɗan siyasar da wani ke juyawa da sunan. Raƙumi da akala ke nan, an sa masa kwat. Amurkawa suka ƙara da “snollygoster”, ɗan siyasa mai wayo mara aƙida, wadda Shugaba Truman ya farfaɗo da ita a yaƙin neman zaɓen 1952. Ga masu rantsuwa da tsaftar Turai kuma ga tsaraba: a Edinbara ta ƙarni na 18, in dare ya yi mazauna benaye sai su leƙo taga su ƙwala “gardyloo”, gurɓataccen Faransanci mai nufin a yi hattara da ruwa, sannan su sheƙo abin da ke cikin fo kan titi. Ruwan suna ne kawai.

Akwai kuma wani rukunin masu musu da na fi jin daɗinsu, almajiran da ke cewa duk wata kalmar kirki a Turanci daga Larabci aka sato. Gafarta malam, kana da rabin gaskiya. “Admiral” daga amir yake, “magazine” daga makhazin, ɗakunan ajiya, “cipher” da “zero” daga sifr, inda mu ma muka samo sifili. “Algebra” daga al-jabr, cikin sunan littafin Al-Khwarizmi na Bagadaza a ƙarni na 9. “Alcohol” ma al-kuhl ne, kwalli, kuma da ta shiga Turanci a ƙarni na 16 gari mai laushi take nufi, sai daga baya masu tace sinadarai suka ja ta zuwa kwalba. Kun ga Bature ya haɗiye “al” ɗin Larabci bai san ba jikin kalmar ba ne. Kafin ku yi masa dariya ku dubi littafi da labari da liman da lahira da allura, duk “al” ne muka haɗiye, na Damagaram ma da ya ce lakwal ya haɗa da “l” ɗin Faransanci. Bature har a nasa harshen kunne ya yaudare shi. “A napron” aka yi ta ji kamar “an apron” har “n” ta gudu, haka “nadder”, maciji, ya zama “adder”, “noumpere”, na ukun da ke raba gardamar mutum biyu, ya zama “umpire”. A wani wurin kuma “n” ɗin ce ta maƙale, “an ekename”, ƙarin suna, ya zama “a nickname”.

Ɗaya rabin kuma, gafarta malam, sai haƙuri. “Sheriff” ba sharifi ba ne, ko kusa. “Shire” gunduma ce, “reeve” wakilin sarki, tun kafin 1066 ake kiran mai riƙe da gunduma haka. Kamannin sauti ba dangantaka ba ce. Haka ku 'yan turo saƙo a WhatsApp, masu cewa “news” haruffan farko ne na arewa, gabas, yamma, kudu, ko “golf” na nufin maza zalla ban da mata. “News” jam'in “new” ne kurum, sababbi, kan salon “nouvelles” na Faransanci, kuma duka kalmomin biyu sun girmi al'adar ƙera kalma daga haruffan farko da ɗaruruwan shekaru, don wannan sai a ƙarni na 20 ta yaɗu. Mu ma muna da tamu. Sau nawa aka ce muku boko daga “book” yake? Paul Newman, masanin Hausa, ya yi rubutu a 2013 ya nuna kalmar Hausa ce tun asali, mai nufin abin bogi ko na yaudara, wadda ke cikin amaryar boko, kuma da raini kakanninmu suka laƙaba wa karatun Nasara ita.

Na san duk da haka gobe wani zai sake turo min maganar arewa da gabas. To akwai sunansa, kuma sunan ya haura shekara 500. A 1516 Erasmus, malamin Holan, ya fitar da sabon bugun Sabon Alkawari da gyare-gyare, malaman coci suka yi masa ca. A wata wasiƙa ya kwatanta su da wani limamin coci da ya shekara 20 yana karanta “mumpsimus” a addu'ar Latin, a inda ya kamata ya ce “sumpsimus”, wato mun karɓa. “Mumpsimus” ba ta da ma'ana ko kaɗan. Aka nuna masa, ya ce shi ba zai sauya abin da ya saba ba. Labarin ya bazu a Ingila har Sarki Henry na 8 ya kawo shi a jawabinsa ga majalisa a Disambar 1545, yana faɗa da ɓangarori biyu na malaman addini, masu taurin kai kan tsohon kuskure da masu rawar kai kan sabon gyara. Tun daga nan duk wanda aka nuna wa gaskiya ƙiri-ƙiri ya ce shi dai haka ya taso ya ji, “mumpsimus” ne. Ba na kama suna. Wanda ya tsargu dai ya san abin da Hausawa suka ce.

“Kai fa? Bahaushe da kai, me ya haɗa ka da Turancin shekara dubu? Wa ya aike ka?”

Yawwa, yanzu kuka yi magana, kuma don kada ku wahala ga kalmar da za ku jefe ni da ita: “ultracrepidarian”. Pliny Babba ya kawo labarin Apelles, mai zanen Girka na zamanin Iskandar, wanda kan ajiye zanensa a bainar jama'a ya laɓe a baya yana sauraron masu wucewa. Wani baduku ya duba ya ce maɗaurin takalmin bai cika ba. Apelles ya ga gaskiya ce, ya gyara. Washegari baduku ya ga an bi maganarsa, kai ya kumbura, ya fara kushe ƙafar. Nan Apelles ya leƙo ya ce masa ya tsaya iya takalmi. “Ultra” gaba da, “crepida” takalmi: mai wuce takalmi, mai karambanin tsoma baki a abin da ba fanninsa ba. Marubuci William Hazlitt ne ya shahara da ita a 1819, cikin buɗaɗɗiyar wasiƙar da ya yi wa William Gifford, editan mujallar Quarterly Review, wanda ya addabi marubuta da suka. Zafin zagin kuwa sai wanda ya san Gifford: yana yaro maraya koyon ɗinkin takalmi aka kai shi, ya yi shekaru a rumfar baduku kafin ya samu masu ɗaukar nauyin karatunsa zuwa Oxford. Hazlitt ya zaɓi kalmar da kowa a Landan zai karanta ya gane, ba tare da ya ambaci rumfar ba.

Na amince ku kira ni da ita, da sharaɗi ɗaya: mai jifa ya furta ta sau uku a jere bai ciji harshe ba. Kanawa na yi muku rangwame, sau ɗaya ya isa, don na san inda “p” ɗin nan na tsakiya zai kai ku.